Faifan Blu-ray ya ƙi tashi a kwamfutata, me zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Ƙanena da ke aiki a Ingila ya zo hutu ya kawo mini kwali guda na fayafayen Blu-ray, sun kai talatin, yawanci shirye-shiryen namun daji da na tarihi, don ya san ina son su. Kwamfutata iMac ce, ba ta da wurin saka faifai. Na aro ƙaramar na'urar faifai ta Apple wurin abokina, na saka ɗaya, ta ɗan yi gurnani ta tofo shi. Wani mai shago ya ce in sayi na'urar Blu-ray ta waje mai USB, magana ta ƙare. Haka ne? Ba na so in zubar da kuɗina a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa ƙanenka da alheri. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa maka, kuma rabin da ya bari shi ne ke sa mutane cizon yatsa bayan sun biya.

Na'urar abokinka lafiyarta ƙalau. Aikin ne ba nata ba. Faifan DVD da na Blu-ray girmansu ɗaya a ido, amma rubutun da ke jikinsu ba ɗaya ba ne. Jan hasken leza mai tsawon zango nanomita 650 ne ke karanta DVD, Blu-ray kuwa shuɗin haske ne mai nanomita 405, daga nan ma sunan ya samo asali. Ka ɗauki misalin alƙalamin rubutun allo: wanda aka fiƙe da kyau zai cusa layuka masu yawa a allon da mai kaurin baki zai cike da 'yan layuka kaɗan. Shi ya sa DVD mai hawa ɗaya ke ɗaukar gigabait 4.7, Blu-ray mai hawa ɗaya gigabait 25, mai hawa biyu 50. Na'urar Apple ɗin, wadda suke kira SuperDrive, CD da DVD kaɗai aka yi ta ta karanta. Jan haskenta ba ya ganin wancan siririn rubutu.

Kuma ba mantuwa Apple ya yi ba. Kamfanin ya shiga ƙungiyar masu kula da tsarin Blu-ray tun 2005, fayafayen suka shiga kasuwa a 2006, amma bai taɓa fitar da Mac ko guda mai na'urar Blu-ray a ciki ba. A watan Oktoban 2008 shugabansa na lokacin, Steve Jobs, ya fito fili ya kwatanta sha'anin lasisin Blu-ray da buhun wahala. Kamfanin yana da shagonsa na sayar da fina-finai ta intanet, can yake so mutane su nufa. Ya cire wurin faifai daga Mac mini a 2011, ya cire daga iMac a ƙarshen 2012. Masu Windows ma kada su ce sun tsira: Windows bai taɓa zuwa da manhajar kallon Blu-ray ba, kai ko ta kallon DVD ma an daina haɗo ta kyauta tun Windows 8.

Ga rabin maganar da ba a faɗa maka ba. Fim ɗin da ke cikin faifan a kulle yake. An karya makullin DVD tun 1999, kamfanonin fina-finan Amurka suka ji jiki, sai suka yi wa Blu-ray makulli mai ƙarfi da ake kira AACS, wasu fayafayen kuma aka ƙara musu na biyu mai suna BD+. Idan ka sayo na'urar waje ka jona, iMac ɗinka za ta ga faifan, za ta nuna maka wata jaka mai suna BDMV cike da manyan fayiloli, amma hoto ba zai fito ba. Na'ura karantawa kawai take yi. Buɗewa aikin manhaja ne wadda ke riƙe da mabuɗi, mabuɗin kuma kamfanin da ya biya kuɗin lasisi ake ba wa. Ba ma mabuɗi ɗaya ba ne har abada. Idan aka gano wani ya zurara zuwa hannun jama'a sai a soke shi, sabbin fayafayai su fito ɗauke da sunayen mabuɗan da aka soke. Shi ne dalilin da za ka ga manhaja ta buɗe faifan 2010 ta ƙi buɗe na 2020 sai an sabunta ta.

Saboda haka kafin ka taɓa aljihu, tambayi kanka abu ɗaya: kallon shirye-shiryen nan kake so, ko kuwa dole ne sai a kan iMac ɗin? Mutane da yawa suna cakuɗa biyun, alhali amsarsu ta bambanta.

In kallo ne kawai, kuma akwai talabijin mai ramin HDMI a gidanka, ni shawarata ka manta da kwamfutar, ka sayi na'urar Blu-ray ta falo, irin wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, mai rimot. Ita mabuɗin yana cikinta tun daga masana'anta. Ka saka faifai, ka danna, ka zauna. Babu rajistar manhaja, babu biyan dala ta katin banki, babu zaman jiran intanet. Za ta kuma karanta tsofaffin DVD da CD ɗinka. Kai ma ka yi sa'a ta fuska biyu: fayafayen Ingila suna shiyyar B cikin shiyyoyi ukun da tsarin Blu-ray ya raba duniya, shiyya ɗaya da Afirka baki ɗaya, sannan wutar Ingila bolt 230 ce, fulogin ma mai ƙafa uku irin namu. Ko 'yar Beljiyam ka samu, ko ƙanenka ya aiko maka, za ta zauna daidai. Sony da Panasonic ne sunayen da zan fara nema. Sai dai ka sani ba za ka iya jona ta da allon iMac ba, domin iMac ba ta da ramin karɓar HDMI. Na ga waɗanda suka sayo na'urar da kebul suna laluben bayan kwamfuta, abin da babu shi babu shi.

In kuwa dole sai iMac, wataƙila don a ɗakin karatunka take ko kana son nuna wa ɗalibai wani yanki, to sayayya biyu ce a gabanka, na'ura da manhaja, kuma ka fara da ta biyun. Nemi manhajar tukuna. Macgo Blu-ray Player na cikin sanannun da ake amfani da su a Mac, ana sayenta, kuma tana ba da damar gwaji. Akwai Leawo, ita kyauta ce. Duba ko manhajar ta dace da zubin macOS da ke kan kwamfutarka, musamman idan iMac ɗin ta kwana biyu. Ka kuma sa a ranka cewa irin waɗannan manhajoji sukan nemi intanet lokacin da aka saka faifai, ba don sauke fim ba, don buɗe makulli. Data kaɗan ce, amma ranar da sabis ya ɗauke kallo na iya tsayawa.

Ita na'urar ba ta da wuyar zaɓi. Kowace mai tambarin Blu-ray daga Pioneer, LG, ASUS ko Verbatim za ta yi, Mac za ta gane ta ba sai an saka mata komai ba. Kada a ruɗe ka da maganar gudu. Fim ɗin Blu-ray ba ya wuce megabit 54 a daƙiƙa, tsohon ramin USB 2.0 kuwa an tsara shi a kan 480. Inda ake samun matsala shi ne wuta. Siraran na'urorin nan daga USB suke shan wutarsu, USB 2.0 kuma miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, USB 3.0 yana ba da 900. Shi ya sa wasu ke zuwa da kebul mai kai biyu. In ka ga haka ka soka duka biyun, kuma kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta ɗan akwatin nan mai rarraba ramuka ba. Na'urar da ke juya faifai ta tsaya, ta sake juyawa ta tsaya, sau da yawa yunwar wuta ce ke damunta. Idan iMac ɗinka daga ta 2021 ce zuwa sama, ramukanta duk USB-C ne, ka haɗo da ɗan mahaɗi tun a shago.

Kuma ka tafi shagon da faifai guda daga cikin kwalin. A gwada a gabanka, ka ga jakar BDMV ta fito, sannan ka biya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni kwamfutata HP ce ta tebur, 'yar Beljiyam, da Windows 10. Na riga na sayi na'urar Blu-ray ta waje. Kwamfuta tana ganin faifan, amma VLC, manhajar kallon bidiyo, sai ya rubuta mini wani saƙo mai AACS ya tsaya. Wani yaro a unguwarmu ya ce zai sauke mini manhajar da aka fasa, kyauta. Monitata irin mai kebul ɗin nan ce mai shuɗin kai. Daga Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ce wa yaron ka gode, amma kada ka ba shi kwamfutar. Manhajojin da aka fasa suna daga cikin manyan ƙofofin da ɓarayin bayanai ke shigowa ta cikinsu, kuma abin da ake fara cewa ka yi wajen saka su shi ne ka kashe manhajar tsaron kwamfutarka. In kana shiga bankinka ko imel ɗinka a wannan kwamfuta, kallon fim bai kai wannan kasadar ba.

VLC bai lalace ba. Ƙungiyar sa kai ce a Faransa, VideoLAN, ke yin sa kyauta, ba su sayi lasisin AACS ba, don haka ba ya zuwa da mabuɗi. Ya san yadda ake nuna hoton Blu-ray sarai, faifan da ba a kulle ba zai tashi a cikinsa nan take. Akwai masu nemo fayil ɗin mabuɗai a intanet su ɗora masa. Wani faifan ya buɗe, wani ya ƙi, kuma shafin zaɓin babi da harshe na fayafayai da yawa da yaren kwamfuta na Java aka gina shi, sai ka sake saka wani abin. Mai son kwance-kwancen kwamfuta zai ji daɗin wannan. Wanda ya dawo daga aiki a gajiye yana son ya zauna da iyalinsa ba zai ji ba.

Hanya mai lasisi a Windows ita ce PowerDVD na kamfanin CyberLink da ke Taiwan, ko WinDVD Pro. Ka kula da zubin da za ka saya, domin mafi arahar ba lallai ya ƙunshi Blu-ray ba, karanta jadawalin da ke shafinsu. Amma kai kana da wata matsalar da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, alhali ita ce za ta iya mayar da kuɗinka asara: wannan kebul mai shuɗin kai. VGA ne. Makullin Blu-ray bai tsaya a faifai ba, yana bin hoton har zuwa allo ta wani tsari da ake kira HDCP, inda kwamfuta da monita ke gaisawa su tabbatar wa juna babu mai naɗa a tsakani. HDMI da DVI da DisplayPort sun iya wannan gaisuwar, VGA bai iya ba. Manhaja mai lasisi tana iya ƙin nuna hoto ta VGA, ko ta rage masa kyau. Leƙa bayan monitar. In akwai HDMI ko farin ramin DVI, sauya kebul, ƙaramin kuɗi ne. Yawancin HP da Dell na ofis suna da DisplayPort a baya, akwai kebul mai kai ɗaya DisplayPort ɗaya HDMI. In kuwa VGA kaɗai monitar ke da shi, kuma ƙarama ce wadda ba ta kai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye ba, to ko hoton ya fito ba za ka ga abin da ka biya kuɗi dominsa ba. Sabuwar monita ta fi manhaja cancantar kuɗinka na farko.

Akwai hanya ta uku da masu tara fayafayai a duniya suka fi bi, ba zan ɓoye maka ita ba. Manhajar MakeMKV, wadda ke aiki a Windows da Mac da Linux, tana kwashe fim daga faifai ta mayar da shi fayil guda ba tare da ta rage masa ko ɗigo ba, daga nan VLC ya nuna shi a kowane allo, har na VGA. Fayil ɗin babba ne, fim ɗaya kan ci gigabait 20 zuwa 40, don haka fayafayai talatin za su kusa cinye ma'adana mai terabait ɗaya. HandBrake na iya matse shi ya koma ƙarami, amma shi ba ya buɗe makulli, kuma tsohuwar kwamfuta za ta kwashe awanni tana aikin, abin da ke buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Ka san kuma matsayin doka: cire makullin faifai laifi ne a Amurka ƙarƙashin dokarsu ta 1998, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta hana karya makullan da aka sa wa ayyukan fasaha. Ni dai abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne kwafar faifai a raba ko a sayar. Mun ga abin da satar fasaha ta yi wa kasuwar fayafayen fina-finan Hausa, mun ga mutanen da suka sa jarinsu suka tashi hannu rabbana. Gumin wani ne, ko a Kano yake ko a wata ƙasa.

In kana da ɗan hali, na'urar falo za ta shiga monita mai HDMI kai tsaye, ba ruwanka da Windows. Sai dai ka tanadi hanyar sauti, domin monitoci da yawa ba su da sifika.

Tambaya: Na sayi faifai a kasuwa an rubuta Blu-ray ɓaro-ɓaro a jikinsa, fina-finai goma sha biyu ne a ciki, kuma ya tashi a tsohuwar DVD ɗinmu. To me ya sa ake cewa sai an sayi wata na'ura?

Amsa: Domin abin da ka saya DVD ne aka yi masa ado da sunan Blu-ray. Na gaskiya ba zai taɓa tashi a na'urar DVD ba, kuma yawanci fim ɗaya ne ke cike shi. Saka naka a kwamfuta ka duba girmansa, ba zai wuce gigabait 8.5 ba. Fina-finai goma sha biyu a wannan ɗan wuri, kowanne an matse shi har hotonsa bai kai na DVD na asali ba. Kada ka sayi komai saboda irin waɗannan fayafayen, na'urar da kake da ita ta ishe su.

Tambaya: Ina harhaɗa sabuwar kwamfutar tebur mai ƙarfi don aikin zane da wasa, na sayi monita 4K. Ina so in ƙara na'urar da za ta karanta fayafayen 4K. Wacce ta fi? Daga Kaduna.

Amsa: Ajiye kuɗinka. Wannan ita ce sayayyar da na fi jin takaicin ganin an yi, domin mai yin ta yakan zaci ƙarfin kwamfutarsa zai wadatar, alhali sabuntarta ce ma ke hana ta.

Fayafayen 4K, wato Ultra HD Blu-ray, sun fito a 2016, suna ɗaukar gigabait 66 ko 100, hotonsu ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye. Makullinsu sabo ne, AACS na biyu, kuma a kwamfuta an ɗora shi ne a kan wani keɓaɓɓen ɗakin tsaro da ke cikin furosesan Intel mai suna SGX. Furosesan Intel na zubi na 7 zuwa na 10 ne ke wannan aiki. Daga zubi na 11 Intel ya janye SGX daga furosesan kwamfutocin gida, na AMD kuwa ba su taɓa samunsa ba, Mac ma ba ta yin wannan aiki. CyberLink, wanda manhajarsa ce ke da lasisin nuna waɗannan fayafayai, daga baya ya cire wannan aiki daga sabbin zubinsa. Ke nan sabuwar kwamfutar da kake harhaɗawa ba ta da hanyar lasisi ta kallon faifan 4K, komai tsadar na'urar da ka saka mata. Masu yi suna bi ne ta sauya wa wasu na'urori manhajar cikinsu, aikin da in ya kuskure na'urar ta zama kwanko.

Tunda ka ambaci wasa, duba abin da ke gidanka. PlayStation 5 mai wurin faifai yana nuna fayafayen 4K. Xbox Series X da Xbox One S masu wurin faifai ma suna yi, bayan ka sauke 'yar manhajar Blu-ray ɗinsu kyauta. PlayStation 3 da 4 suna nuna Blu-ray na yau da kullum amma ban da na 4K, har shi PS4 Pro ɗin, duk da sunansa. PS4 yana neman a haɗa shi da intanet sau ɗaya kafin ya fara nuna faifan fim. Xbox Series S ba shi da wurin faifai sam. Monitarka tana da HDMI, ka ba kwamfuta rami ɗaya, ka ba na'urar wasa ɗaya. Abin da za ka tabbatar kawai shi ne monitar tana da HDCP 2.2, an saba rubuta shi a takardar bayananta.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Amurka, ya ce zai aiko mini da na'urar Blu-ray da fina-finai. Ina da wasu fayafayen da na sayo a Faransa da Saudiyya, jikokina kuma suna son fina-finan Indiya. Duk za su yi a na'ura ɗaya? Daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaron albarka. Ki ce masa ya dakata da aiko na'urar.

An raba duniya shiyya uku a tsarin Blu-ray. Shiyyar A ta ƙunshi nahiyar Amurka duka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. Shiyyar B ita ce tamu: Afirka, Turai, Gabas ta Tsakiya, Ostareliya. Shiyyar C ta haɗa Indiya da Sin da Rasha. Na'urar da aka sayar a Amurka ta A ce, za ta iya ƙin fayafayenki na Faransa da Saudiyya in an kulle su a B. Ba kowane faifai ake kullewa ba, da yawa a buɗe suke. Juya bayan kwalin, can ƙasa za ki ga ɗan tambari mai kusurwa shida da harafi a ciki. In harafi ɗaya ne, a kulle yake. In A da B da C ne duka, ko'ina zai tashi. Na Indiyan ma haka za ki duba su ɗaya bayan ɗaya. Fayafayen 4K su ba a raba su shiyya-shiyya ba.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Nijar 220. Na'urorin falo da yawa da ake sayarwa can 120 kaɗai suke ɗauka, ana soka su a soket ɗinmu sai hayaƙi. A duba rubutun da ke bayan na'urar: in an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa, in 120 ne kaɗai sai da taransifoma mai rage wuta. Mafi sauƙi ki sayi na'urar da aka yi don Turai ko ƙasashen Larabawa, shi kuma ya riƙa zaɓo miki fayafayen da ba a kulle ba. Akwai kuma na'urorin da 'yan kasuwa ke buɗe wa shiyya su karanta ko'ina, sun fi tsada, amma ga gida irin naki mai fayafayai daga nahiya uku sun cancanci a neme su. A kwamfuta manhaja ce ke riƙe da shiyya, kuma sau kaɗan take yarda a sauya kafin ta tsaya a kan ta ƙarshe, don haka kwamfuta ba mafita ba ce a nan.

Tambaya: Malam, a wannan zamani da kowa ke kallo ta intanet, sayen na'urar faifai ba komawa baya ba ne? Na ji ma an daina yin su.

Amsa: Kasuwar tana tsukewa, wannan gaskiya ne. Oppo ya daina yin na'urorin falo a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbi a 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024. Netflix ma, wanda da aika faifai ta gidan waya ya fara, ya rufe wannan sashe a Satumban 2023. Amma ana ci gaba da buga fina-finai a faifai, kuma lissafin mai zaune a Landan ba shi ne lissafinmu ba. Netflix da kansa ya ce kallon hoto mai kyau na iya cin gigabait 3 a awa, na 4K har 7. Ka auna wannan da kuɗin data da yadda sabis ke rawa da daddare. Faifai sau ɗaya ake saye, ba ya tsayawa yana juya-juya a tsakiyar kallo, ba a cire shi daga shago don yarjejeniya ta ƙare, hotonsa da sautinsa kuma sun fi na intanet cika domin ba a matse su sosai ba.

Wanda ba shi da faifai ko ɗaya, ban ce ya fara tarawa yau ba, samun na asali a kasuwanninmu yana da wuya. Wanda yake da su kuwa, kamar Malamin Zariya da kwalinsa, gara ya sayi na'ura mai kyau yanzu da ake samunta, kafin masu yi su ƙara raguwa. Ya haɗa ta da sitabilaiza, ya riƙa rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu, domin ƙura a kan idon leza ita ce ke fara sa na'ura ƙin karanta Blu-ray alhali tana karanta DVD. Su ma fayafayen a kula: rubutun Blu-ray yana ƙasa da fatar faifai da kashi ɗaya cikin goma na milimita kawai, na DVD kuwa ya ninka haka sau shida zurfi. An shafa masa kariya mai tauri da ke jure ƙarzuwa, amma shatin yatsa mai maiƙo na iya sa hoto ya daskare. A riƙe shi ta gefe, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba, a mayar da shi kwalinsa, kuma kada a bar shi cikin motar da ke fake a rana.